Ranar da Mu'allim Ya Ɗage Gilashin Jirgi

Har gobe ban manta da ranar da Mu'allim Isuhu ya ɗage gilashi da hannunsa ba. Ku da kuka zo warsha, wato shagon aikinmu, bayan ya ajiye aiki ba za ku gane girman wannan magana ba, sai na faro muku daga tushe.

A shekarar, wani kamfanin hidimar alhazai ya ba shagonmu na unguwar Utaibiyya a Makka aikin ƙera ƙaramin samfurin jirgin ƙasan da ke jigila tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa, domin a nuna wa baƙi yadda ake shigarsa tun kafin ranar Arfa. Teburin da muka ɗora samfurin a kai ya kusa cika ɗaki. Mu'allim, wato babban gwanin da kowa ke ƙarƙashinsa, shi ya yanka taragun ya shimfiɗa layin dogo bisa gada. Ni nawa fenti ne da dashe. Tantunan Mina da farin kwali muka naɗe su ɗaya bayan ɗaya, duwatsun kuwa da siminti fari. Fitilun tasha siririyar waya ce, da hantsaki ake dasa su, mutum na riƙe da numfashi.

Mu'allim haifaffen Makka ne, kakansa da ƙafa ya zo daga Kano, kuma ban taɓa ganin mai kishin aikinsa kamarsa ba. Ka yi atishawa kusa da teburin nan, ranar sai ka ji tarihin zuriyarku da Hausa da Larabci. Mudir, wato shugaban kamfanin, shi ma da ya miƙa yatsa, doke hannun ya yi. Da muka gama, ya sa aka rufe komai da gilashi.

A farkon Zulhajji muka kai samfurin masaukin alhazai, mu biyu muka zauna muna kunna jirgin. Harisu, jagoran wani ayari daga Najeriya, ya gama bayani da sandarsa, kowa ya gamsu, ban da wani dattijo makaho da ake kira Baba Mudi. Yana zaune a baya, ƙafafunsa a kumbure.

"Ɗana, ni ba zan shiga ba," in ji shi. "An ce a sama yake tafiya. Abin da ban san kamarsa ba, ba na ba shi raina. Ƙafata ta kai ni Arfa."

Harisu ya matso kusa da mu ya rage murya. "Ya Mu'allim, wallahi na yi iya yina. In tsohon nan ya taka a zafin nan, ba zai kai ba. Kuma ka san wanda bai tsaya Arfa ba, ba shi da Hajji."

Mu'allim ya daɗe yana duban tsohon. Can ya ce, "Ya Sale, ta'al, zo ka kama gefen gilashin can."

Na ce, "Mu'allim, fitilun fa?"

"Halas, kama."

Muka sauke gilashin. Ya je da kansa ya riƙo Baba Mudi, ya ɗora yatsunsa a kan tashar Mina. "Baba, nan za ku taru. Ka ji wannan gangaren? Shi za ka hau, ba matakala. Ga filin jira, ga ƙofa." Hannun tsoho ba hantsaki ba ne. Ina jin ƙas, ƙas, fitilu suna karyewa, tantuna suna lotsewa, kowace ƙara har cikin haƙorina. Na saci kallon Mu'allim, ko gezau bai yi ba.

Sai ya juya tarago ɗaya, ya sa shi ya shafa ƙafafun. "Ka ji yadda suka kama ƙarfen? Ga gadar a ƙarƙashi, ga ginshiƙanta." Ya mayar da taragon, ya kunna jirgin a hankali, ya ɗora tafin tsohon a rufinsa, suka bi shi tare har Arfa.

Baba Mudi ya fashe da dariya. "To ashe a kan hanyarsa yake! Ni na ɗauka da igiya aka rataye shi. Malam, Allah ya yi maka albarka, zan shiga."

Da suka watse na tsuguna ina tsince ɓaraguzai, raina a ɓace, ina ƙunƙunin aikin watanni. Mu'allim ya ce, "Ma'alesh, ba komai, ya Sale. Fitila gobe ma sai mu dasa wata. Shi wa ya ce maka zai sake zuwa?"

Bayan Hajji Harisu ya zo warsha da labari. Ya ce ranar Arfa, a tashar Mina, cunkoso ya ruɗa wasu mata na ayarin har suka ja suka tsaya. Sai ga muryar Baba Mudi daga bayansu: "Ku taka a hankali, 'ya'yana. Gaba gangare ne, sai fili, sai ƙofa. Ni na taɓa zuwa nan."

Mu'allim ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a kan kanta, ni kuwa hawaye na yi a gaban kowa. Tun daga ranar na san gwanin gaske a sana'ar nan yana ƙaunar aikinsa matuƙa, amma bai manta wanda aka yi aikin dominsa ba. Irin mutanen da suka koyar da mu ke nan, kuma da su nake alfahari.