Littafin da Doña Herminia ta Buɗe ta Baya

A unguwarmu ta bayan kasuwa a birnin Arequipa na ƙasar Peru, babu uwar da za ta sayo wa ɗanta littafi ba ta ji ta bakin Doña Herminia Ccallo ba. Tela ce, kayan makaranta take ɗinkawa. Sai da ta girma ta koyi karatu, kuma da littattafan yara ta koya, ƙafa a kan keken ɗinki, littafi a kan cinya. Shi ya sa take ji da su kamar ita ta haife su. Kowace Asabar da safe gidan rediyon unguwa kan ba ta fili ta yi sharhin littafi guda, na dabbobi ko na taurari ko na tarihi. In ta yaba, a yi ta saye. In ta ce an yi asarar takarda, littafin ya shiga uku.

Ana nan sai ga Wilber Mamani ya kafa rumfar jarida daura da shagonta. Littattafan labari masu zane-zane yake sayarwa, kuma bakinsa ba ya hutawa: wannan ya fi wancan, wancan kada ka ɓata lokacinka. Yara suka koma can kaf. Herminia kan hango su ta taga, ta yi tsaki, ta ƙara wa keke wuta. Ita dai cewa take tarbiyyar yara ce ke damunta. Ƙarya take, kishi ne tsagwaronsa.

Ran nan Rosaura, mai tsara shirye-shiryen rediyon, ta leƙo shagon.

"Doña, Asabar ɗin nan da Wilber za ku zauna. Wanda masu sauraro suka fi so, shi za mu bar wa filin."

"Wilber? Ni da mai tallan hoto? Yaron da gemu bai gama fito masa ba?"

"Yara ne ke ta bugo waya suna nemansa."

"Yara ai ko alewa ka ba su safe da yamma ba za su ce ta ishe su ba."

Herminia ta ƙudura a ranta a gonarsa za ta kayar da shi. Ta hau mota har tsakiyar gari, don kada ya gani, ta sayo littafin da ya fi yabawa, wani na Japan mai labarin yarinya da karenta. Ta buɗe shi yadda ta saba buɗe kowane littafi, ta bi shi shafi bayan shafi, ba tsallake. Tana gamawa ta yi murmushin mugunta.

Ranar Asabar a gidan rediyon, ko gaisuwar kirki ba ta bari an gama ba.

"Jama'a, na karanta shi tsaf. Yarinya na rungume da karenta, sai kuma ta tashi tana nemansa gari-gari, daga ƙarshe ya ɓace mata a tashar jirgi. Amsa na zuwa kafin tambaya, kuka kafin mari. Wanda ya rubuta wannan ya sha giyar chicha ya yi tatul!"

Wilber ya taɓa hannunta, ya ce a hankali, "Mamita, uwata, bari a ɗan sa waƙa mu yi magana."

"Kun ji shi ko? Gaskiya ta fito, shi kuma kiɗa yake nema."

Sai waya ta shigo. Muryar wata yarinya ce, ana jin wasu na ƙyalƙyala dariya a bayanta.

"Doña Herminia, ai ta baya kika fara. Irin waɗannan ta ɗaya bangon ake buɗe su, a bi daga dama zuwa hagu. A farko karen ya ɓace, a ƙarshe ta same shi."

Wilber ya yi maza ya ce shi ma haka ya yi ranar farko, kowa ma haka yake yi. Da dariya ya yi mata da ta fi samun sauƙi. Wannan kirkin nasa ya fi komai ƙona mata rai.

Filin dai Wilber aka bai wa. Herminia ta koma shago, ta rufe ƙofa da rana tsaka, ta juya littafin ta sake karantawa. Da ta zo inda yarinyar ta ga karenta, sai da ta goge ido da ƙyallen ɗinki. Littafin ya yi daɗi, Wilber bai yi ƙarya ba, kuma ba ta yafe masa hakan ba.

Asabar ta zagayo, muryarsa na fitowa daga rediyon kowane shago a layin. Wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta shigo riƙe da wandon ɗanta.

"Doña, na makara ban ji ba. Wane littafi Wilber ya ce a saya wa yara?"

Herminia ta cire allura daga bakinta. Ta so ta ce ita ba ta sauraron shirme. Amma ta saurara, ko kalma ɗaya ba ta wuce ta ba.

"Na kifayen teku," ta ce, "mai shuɗin bango."

Ta karɓi wandon ta shiga warware ƙafarsa, ba ta ɗago kai ba.