Bishiyar da na yi wa gwafa

'Yarmu ta fari a Jos ta yi aure, a can kuma Allah ya karɓi abarsa. Da uwargida ta dawo daga zaman makoki, ba ta ɗauko ko ɗankwalin yarinyar ba. Wani ɗan reshe siriri kawai ta zo da shi, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce daga bishiyar tsakar gidan aka yanko, wadda marigayiyar ke zama a ƙarƙashinta tana tsince shinkafa. Mijin marigayiyar ya ce mata sunan bishiyar wilo.

Tun da ta haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunanta a bakinta ba, saboda kunyar 'yar fari. Ko kuka ba ta yi a gaban mutane ba. Amma reshen nan, ta dasa shi a makwararar rijiya, ta kewaye da ƙaya saboda awaki, tana barbaɗa toka saboda gara. Ya kuwa kama, ya miƙe har ya kere ni. Ni dama ba wani tsawo ne da ni ba.

Sai aka ce za a cire mata yanar ido a Kano, ta zauna wajen ƙanenta har ta warware. A tashar Ajingi ta leƙo ta tagar mota.

"Malam, bishiyata."

Na ce, "Mutumin da ya tsufa a gonar gyaɗa ake wa tuni?"

Bayan tafiyarta sai na ga rassan suna sunkuyawa, ɓawonsu ya yi ruwan ɗorawa. A wajenmu manoma, shukar da ta yi ɗorawa ta langaɓe, sai dai addu'a. Na ƙara ruwa, na ƙara takin awaki, sunkuyo sai gaba yake. Maƙwabcina, wani Bafillatani abokin wasana, ya leƙo ta kan danga.

"Kaɗo, ka kashe wa baiwar Allah bishiya. Tattara tabarmarka, zaure ya kama ka."

Dariya na yi, amma tuwo ya daina wuce min. Na san idan bishiyar nan ta mutu, matar nan za ta sake makoki, kuma ba za ta faɗa wa kowa ba.

Na shiga jeji na saro gwafanni. Kowane reshe na tallafe shi, wanda ya ƙi na ɗaure shi da igiyar rama na ja sama. Ta koma kamar rumfar mai tsire.

Ranar da ta dawo, da baƙin tabarau a fuska, ko ruwa ba ta sha ba ta nufi rijiya. Ta tsaya, ta cire tabarau, ta mayar. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ce shi ke nan. Ashe dariya ce, irin wadda rabona da ji tun kafin rasuwar.

"Malam, wa ya aike ka? Haka Allah ya halicce ta. Ta can Jos har ƙasa take sharewa."

"Ɗorawar fa?"

"Ita ce kyanta."

Tare muka kwance igiyoyin, rassan suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya sauka a kafaɗarta. Ta riƙe shi, ta daɗe ba ta saki ba. Can ƙasa-ƙasa na ji ta kira sunan yarinyar. Na sunkuya ina tattara gwafannina, kamar ban ji ba.