Wayar Inna da Akuyarta

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa dubana ta yi mini magana kai tsaye ba. A ƙauyenmu, Kekun Waje, wannan ba abin mamaki ba ne, kunyar ɗan fari ce, kowace uwa da irin tata. Sai dai ta Inna ta fi ta kowa. In tana so in ci abinci, akuya take gaya wa. Ina zaune a gindin rumbu za ta juya mini baya ta ce da akuyar, "Ke dai kin huta, kina cin naki da zahi. Wasu sai ya huce." Sai in tashi in ɗauki kwanona. Wani lokacin kuma in tashi in tarar babu kwano babu dalilinsa, ashe da akuyar take da gaske. Haka na girma, ban taɓa tabbatar da wace magana ce tawa ba.

Da na samu aikin koyarwa a Gusau na kama ɗaki a Tudun Wada, na saya mata ƙaramar waya mai maɓallai, na sa lambata a ciki. Ta ƙulle ta a haɓar zane tare da goronta. Daga nan rikicina ya soma. Ina tsakiyar darasi sai in ga kiran Inna. A wannan zamani kuwa kira daga ƙauye faɗuwar gaba ne. In na ɗauka, shiru, sai motsin zane da kukan kaji. In na sake kira, ƙanwata da ke aure a maƙwabta ce za ta amsa, ina jiyo Inna daga gefe tana cewa, "Ce mai ni ban kiri kowa ba. Wayag ga ita ka kiran mutane, ba ta da kunya."

Abin ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ba tsoron kaɗai ba. So nake in sani ko matar nan takan tuna da ni har ta neme ni, ko kuwa goro ne ke danna maɓalli. Wani abokin aikina mutumin Tsafe ya ce in daina wahal da kaina, wayar aljihu kowa tasa na yi masa haka. Ni kuma na ce ai shi ba ɗan fari ba ne.

Ran wata Asabar na hau mota zuwa Bungudu, na ƙarasa gida a kan babur, da niyyar in kashe maganar. Na ja ƙanwata gefe na ce zan koya mata yadda ake kulle maɓallan. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, tun bara wayar a kulle take. Ita da kanta ta sa ni in gwada mata yadda aka buɗewa, wai don ta riƙa haska tocila."

Daɗi ya kama ni, na ji kamar in yi guɗa duk da ni namiji ne. Ashe ita ce! Na koma tsakar gida na zauna ina satar kallonta tana sheƙar gero, hannayenta biyu a kan faifai. Ban gama murnar ba wayata ta hau ruri a aljihu. Na ciro. Kiran Inna ne. Ga ta a gabana, ba ta taɓa komai ba sai faifai, wayar tana can cikin ƙulli tana ta aikinta. Ƙanwata ta ce ƙila an manta ba a kulle ba. Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. Na dawo Gusau da ruɗanin da ya fi wanda na tafi da shi.

Tun daga nan na daina bin kira da kira. In ya shigo sai in ɗauka in yi shiru, in saurari gidanmu. Wata rana sautin taɓarya, wata rana rediyon maƙwabta.

Da daminar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da ni, ban gaya wa kowa a gida ba, ko da yake labari ba ya rasa mai kai shi. Da la'asar kiran ya shigo. Motsin zane, sannan kukan akuya, jikar waccan ta farko. Sai muryar Inna, kusa ƙwarai, kusa fiye da yadda ƙullin zane zai bari:

"Ke, ki ci abinci mana. Duk kin rame, kina ɓoye ma mutane."

Akuya ma takan rame da damina. Hawaye na ji suna bin kunnena, na ce, "To, Inna, zan ci."

Sai aka kashe wayar.