Kwanon Ruwan Baffa

Jiya a motar haya na ga ruwa yana rawa a gorar wata fasinja, sai marigayi Baffa bakanike ya faɗo mini a rai.

A shekarun da kuɗin mai suka cika hanya da motoci, ina jan a-kori-kura tsakanin Roni da Babura. Wata ranar kasuwa na sa wa farfela, sandar ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, sabon kuros a mahaɗinta da kaina, na biya garejinsa a Kazaure don ya ɗura giris kawai. Shi kuwa ba ya sallamar mota sai ya ajiye kwanon sha cike da ruwa a gindin giya, an zaga da ita. Kafin mu hau titi girgizar motar ta sa ruwan ya jiƙa masa wando.

"Ka yi alama da alli kafin ka kwance farfelar?" in ji shi.

"A'a, Baffa. Ga fatake suna jira."

"Su jira. Kunnuwan farfelar sun saɓa. In ta faɗi kana gudu, ba mai cin kasuwa."

Sai la'asar ya gama. Kasuwa ta wuce mu, amma da muka sake zagawa ruwan ko motsi bai yi ba.

Allah ya ba makwancinsa irin natsuwar ruwan nan.