Zanen Inna a Bakin Murhu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da maƙwabciyarmu ta miƙo mini wata takarda a naɗe ta kan katanga ba. Yanzu da ita ma ta riga mu gidan gaskiya, na ga bai kamata in bar labarin a cikina ba.

Kirista ce. Mijinta malamin asibiti ne, aiki ya kawo su Haɗejiya daga Filato tun ban san kaina ba, kuma duk unguwa Mama muke ce mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ruwa ya cinye ta har ta dawo daidai ƙirji. Ban taɓa ganin mace mai tsabtarta ba. Ko kazarta ce ta ɓata tsakar gida sai ta sha faɗa kamar mai jin Hausa. In ta gama aikin gida sai ta zauna gindin darbejiya tana zana ƙwarya da wuƙa mai zafi, ko ta ɗauki gawayi tana zane a takardar buhun siminti, tana rera waƙoƙin coci a hankali. Da an kira salla sai ta yi shiru har a idar. Ranar Lahadi kuwa, ko gwamna ne ya aiko ba ta taɓa gawayi.

Innata bandar kifi take yi, kullum tana gaban murhu cikin hayaƙi. Ta rasu ina amarya a Guri. Da damina ta zagayo kogi ya tumbatsa, ruwa ya shiga gidanmu har ɗaka. Da ya janye na zo taya Baba gyara, na buɗe akwatin da hoton Inna guda ɗaya tak yake ciki, wanda aka ɗauka a bikina. Fuskar ta narke, sai mayafi kawai ya rage.

A nan tashin hankalina ya fara. In na rufe ido ina jin muryarta, ina jin ƙamshin hayaƙin zaninta, amma fuskar ta ƙi zuwa. Tsoro ya kama ni, ga kunya, don wace irin 'ya ce za ta ce ta manta kamannin uwarta? Mama kaɗai na iya faɗa wa. Na roƙe ta ta zana mini ita, ta ce za ta gwada, amma sai ta kai maganar gaban Ubangiji tukuna. Ashe Baba yana jin mu ta bayan katanga. Ya ce shi dai ba za a shigo masa da zanen fuskar mutum gida ba. Ni kuma da taurin kaina na ce a raina, ai Guri zan tafi da abina.

Aka ɗauki makonni shiru, har na fara cire rai. Ran nan na zo gida da yamma, sai na ji Mama tana cewa, "'Yata, zo ki karɓa." Na karɓa na warware takardar. Mace ce zaune a kujerar tsuguno, ta ba ni baya. Ga murhu, ga hayaƙi, ga kallabi ya karkace gefen hagu, hannu ɗaya dafe da kwankwaso. Babu fuska. Raina ya ɓaci sosai, na ce, "Haba Mama, ai fuska na roƙa."

Ba ta ji haushi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tarin takardu, duk fuskokin mata, ta ɗora a kan katanga. Ta ce, "Na yi ta zanawa har gawayina ya ƙare. Duk matan kirki ne, amma babu Innarki a ciki. Ba zan ba ki baƙuwa ki riƙa kira uwa ba. Ni haka Allah yake nuna mini ita kowace safiya daga nan inda nake tsaye."

Ina zaune da takardar a cinya sai ga Baba ya dawo daga la'asar. Na yi yunƙurin ɓoyewa, amma ya riga ya gani. Ya tsaya a kaina yana kallon takardar. Can ya sa yatsa a ƙasan zanen ya ce, "Har takalmin nan da take takewa."

Na duba, ashe kuwa ga diddigenta a waje, ta take bayan takalmin kamar kullum. Sai na tuna yadda nake tsokanarta a kan haka, ita kuma ta waiwayo ta ce in saya mata sabo in na isa. Wallahi a wannan lokacin ta waiwayo a zuciyata, da wushiryarta, da idanunta jajaye saboda hayaƙi. Na fashe da kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka kai ta. Mama na tsaye a bayan katanga tana share nata hawayen da gefen zani, tana faɗin godiya ga Ubangiji.

Zanen bai je Guri ba. Baba ya ce tunda babu fuska babu laifi, ya kafe shi a ɗakinsa, sai bayan rasuwarsa ya dawo hannuna.

Da Mama ta rasu bara na je ta'aziyya. Matan coci na ta waƙa, 'ya'yanta sun jera hotunanta masu kyau a kan tebur. Na kalle su ɗaya bayan ɗaya, amma da na rufe ido bayanta na gani a gindin darbejiya, ta sunkuya da gawayi a hannu. Abin da ta koya mini ke nan: wanda yake ƙaunarka da gaske ba ya ba ka ƙarya don kawai ka ji daɗi, kuma sanin mutum ya wuce sanin fuskarsa. Har yau in kewar Inna ta dame ni, zanen nake ɗaukowa in zauna in jira, kuma ba ta taɓa ƙin waiwayowa ba.