Me Ya Kashe Malam?

Me ya kashe Malam, mijina? Ga damina ta zagayo, ƙamshin ƙasa ya sa ni kuka, har yau ban sani ba. Likita a Gaya ya ce hawan jini ne. 'Ya'yana sun ce ƙaninsa ne ya yi masa jifa saboda gonar gado, sun daina gaishe shi. Malam kuwa, in an kawo masa magana, sai ya sosa gemu ya ce, "Wa ya gani?" Ga shi ya faɗi cikin kunyar gero, ba wanda ya gani.

Allah Ya ji ƙansa, Ya kashe wutar gabar nan. Ranar da ya faɗi, fartanya a kafaɗa, ya leƙo ɗakina ya ce, "Rufe min furar nan, yanzu zan dawo."