Mai Sanƙon Da Bai Taɓa Fashin Aski Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsakiyar gyara wa wani direba gemu sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarka ce. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na ajiye almakashi, na faɗi abin da ya wajaba a faɗa, cewa mu na Allah ne kuma wurinsa za mu koma. Direban ya miƙe da gemu rabi a gyare, ya ɗauke ni a motarsa har ƙofar gidanka.

Malam Sannu-Sannu, shekara talatin da ɗaya ka yi kana aikin jinya a sashen fata na babban asibiti, kuma da wannan laƙabin kowa ya san ka, daga likitoci har masu shara. Ni mai aski ne, alƙalami ba kayan aikina ba ne. Amma ina riƙe da wata shaida a kanka wadda in na yi shiru da ita na ci amana.

Shekara goma sha biyu ke nan da ciwon ya same ni. A baki ya fara, gyambo ciki da leɓe, har ruwan shayi ya gagare ni haɗiya. Daga nan sai bororo ya feso a ƙirji da baya da tsakar kai. Kafin a jima ya fashe, fata ta saluɓe, wurin ya zauna ɗanye. Unguwa kuwa kowa ya zama likita. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce ƙazuwa ce ta yi ƙarfi, wasu suka riƙa faɗin abin da ya fi haka muni a bayan idona. Masu zuwa aski suka ɗauke ƙafa, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai miƙa wuyansa ga mutumin da fatarsa ke bin rigarsa? Na rufe shago. A gida ma, matata, baiwar Allah, ta ware mini kofi da cokali tana kuka.

Ranar da aka fara kai ni wurinka, rigata ta manne da bayana kamar an shafa gam. Wata sabuwar ma'aikaciya ta kama wuyan rigar za ta fizge, a gama a wuce wurin. Ka riƙe hannunta. Ka ce, "Sannu-sannu, 'yata. Rigar nan ba ta da inda za ta." Ka kawo ruwan gishiri mai ɗumi da auduga, kana jiƙawa kana jira, kana jiƙawa kana jira, kusan awa guda, har rigar ta sauka don kanta. Ka lulluɓe ciwon da ƙyalle mai maiƙo, ka naɗa bandeji, ka hana a liƙa mini filasta ko guda, domin ka ce irin fatata filasta tafiya yake da ita. Ranar na gane inda laƙabinka ya samo asali.

Likita ya yanki ɗan guntun fata aka kai ɗakin gwaji, ya dawo da suna mai nauyi, wai femfigus. Kai ka sauko mini da maganar ƙasa. Ka ce masu gadin jikina ne suka rikice, suka far wa abin da ke riƙe fata da fata, suna zaton ɓarawo ne. Ka ce ba jifa ba ne, ba alhakin kowa ba ne, kuma ba a ɗauka. Da ka ga matata ba ta gamsu ba, sai ka karɓi kofin nan nawa daga jakarta, ka cika shi da ruwa, ka shanye a gabanta. Tun daga ranar kofi ɗaya muke sha a gidana.

Ba zan ɓoye wautata ba, tunda kai ma ba ka taɓa barin na manta da ita ba. Ƙwayoyin da aka ba ni sun yi aiki, fata ta rufe. Amma fuskata ta kumbura, ga ci kamar gara. Na dubi madubi wata safiya na ce ai na warke, na watsar da magani rana ɗaya. Mako uku bai cika ba ciwon ya dawo, ya fi na farko zafi. Na shigo ɗakinka kaina a sunkuye, ina jiran faɗa. Ka dube ni ka ce, "Ƙanena, ka hau bene da tsani, sai ka ce ta taga za ka sauko?" Ka zana mini takarda da hannunka, ƙwaya nawa wannan makon, nawa mako mai zuwa, yadda likita ya tsara a rage a hankali. Har yau takardar tana cikin durowar shagona, tare da tsofaffin asake.

Ciwo ya lafa, na buɗe shago. Kwana goma sha tara ina share ƙasa, ina goge madubi, ina kaɗa ƙuda. Ko mutum ɗaya bai zauna a kujerata ba. Tabon ciwon ya bar baƙaƙen shaidu a wuyana da hannuwana, mutane su gaishe ni daga tsallaken titi su wuce. Da na je ganin likita na gaya maka zan sayar da kujerar in nemi gadi, inda ba sai na taɓa kowa ba. Sai kawai ka tambayi kwatancen shagon.

Ranar Asabar da ƙarfe goma sai ga ka. Ka sa na jawo kujera waje, bakin baranda, tana kallon titi. Ka zauna, ka cire hula. Kanka fes kamar bayan cokali, in ban da 'yar furfura a bayan kunne. Na ce, "Malam, me zan aske a nan?" Ka ce, "Ka nema, za ka samu. Kuma da aska nake so, ba inji ba." Ka ɗaga haɓa ka ba ni maƙogwaronka, kana ta gaida duk wanda ya gifta da babbar murya, har waɗanda ba ka sani ba. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya tsaya kallo. Bakaniken da ke maƙwabtaka da ni ya matso ya ce, "Malam, ba ka tsoro?" Ka miƙa masa hannuwanka biyu, ka ce, "Sama da shekara ashirin ina wanke irin ciwon nan da waɗannan. Duba ka gani." Asabar ta uku bakaniken ne ya zauna bayanka, kuma kafin wata biyu benci ya koma cika.

Aikinka ya ƙare a nan, amma ba ka daina zuwa ba. Shekara goma sha ɗaya, kowace Asabar, har bayan ka yi ritaya. Sai a zaman makoki mai ɗakinka ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce mota biyu kake hawa kafin ka iso shagona, alhali akwai mai aski a ƙofar gidanku. Ta ce tun kana saurayi kai kake aske kanka da reza, amma daga wancan makon ka daina, wai don ƙanenka ya riƙa samun abin askewa. Na yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye.

Abu ɗaya ka roƙe ni na yi ta zillewa. Ka sha cewa in riƙa leƙa ɗakin majinyatan fata ina rage musu suma, domin masu aski gudunsu suke. Ni kuwa warin ɗakin kaɗai ya isa ya mayar da ni waccan shekarar, sai in ce maka sai wani makon. Askinka na ƙarshe a gida na yi maka, ciwon zuciya ya kwantar da kai. Ka ce an ba ka labarin wani malamin makaranta a gado na huɗu, wata huɗu ba wanda ya taɓa kansa. Na ce in sha Allahu. Ban je ba.

Asabar ɗin da ta wuce, da ƙarfe goma, na dubi kujerar nan ba kowa a kai. Na kulle shago, na ɗauki almakashi da mataji, na bar aska, domin ka koya mini cewa irin wannan fatar ba ta son kaifi, na nufi asibiti. Na sami malamin a gado na huɗu, suma ta cukurkuɗe da ɓawon ciwo. Da na kai hannu sai ya ja baya, ya ce, "Yayana, ba ka tsoro?" Na ɓalle maɓallin wuyana na nuna masa tabona. Na nemi ruwan gishiri mai ɗumi, na ce masa sannu-sannu za mu yi, sumar nan ba ta da inda za ta.

Ba ni da shakka a kan abin da ka tarar, domin na ga abin da ka aika gaba. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya mana fata, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama mai ɗakinka, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da abokan aikinka, da duk wanda ka taɓa jiƙa wa riga. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ga masu zuwa shagona kuma, ku yi haƙuri. Asabar da ƙarfe goma lokacin Malam ne, ba za ku same ni ba.